Tsakanin Addu'a da Kwinin: Nassosin Waraka a Baibul da Yadda Rigimarsu Ta Iso Ƙasar Zuru

Gabatarwa

A shekarar 1925 ne ƙungiyar mishan mai suna United Missionary Society ta kafa tasha a garin Zuru, shekara biyu bayan ta buɗe ta Salka a ƙasar Kambari. Sunan da ya fi fitowa a tarihin wannan tasha shi ne na Paul Ummel, Ba'amurke. Cocin da ya aiko su, wato Mennonite Brethren in Christ, ƙaramin coci ne a Amurka da Kanada, kuma yana cikin aƙidarsa cewa Allah yana warkar da jiki ta hanyar addu'a da shafa wa majinyaci mai. Amma wannan ƙungiya ɗin ce daga baya ta gina asibiti a Tungan Magajiya, kudu da Zuru, ta kawo likitoci da masu jinya. Mai nazarin tarihin addinai zai so ya san yadda aka yi mutanen da suka gaji aƙidar waraka ta bangaskiya suka ƙare da allura da ɗakin tiyata. Amsar tana cikin wata daɗaɗɗiyar taƙaddama a kan ayoyin Baibul da ke kama da masu cin karo da juna, taƙaddamar da ta ci rayuka a Afirka ta Yamma, ta kuma raba coci gida biyu a Nijeriya.

Nassosin da ake taƙaddama a kansu

Rukuni na farko shi ne na ayoyin da suka ɗaure waraka ga bangaskiya, kalmar da Kiristocin Hausa ke amfani da ita a inda Musulmi zai ce imani. A Markus 5:25-34 akwai labarin matar da ta shekara 12 tana zubar jini. Marubucin ya ce ta sha wuya a hannun likitoci da yawa, ta ƙarar da abin hannunta, ciwon sai gaba yake yi, har ta taɓa tufar Annabi Isa (AS) ta warke, shi kuma ya jingina warkewar ga bangaskiyarta. Markus 11:23-24 ya faɗaɗa alkawarin zuwa duk abin da aka roƙa ba tare da shakka ba. Wasiƙar Yakubu 5:14-15 ta umarci mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai, tare da tabbacin cewa addu'ar bangaskiya za ta tashe shi. A Tsohon Alkawari kuma, 2 Tarihi 16:12 ya zargi Sarki Asa da cewa da ya kamu da ciwon ƙafa likitoci ya nema, bai nemi Ubangiji ba.

Rukuni na biyu yana nuna wani abu dabam, kuma mafi yawansa daga wasiƙun da ake jingina wa Bulus yake. A 2 Korintiyawa 12:7-9 Bulus ya ba da labarin wata ƙaya a jikinsa, wadda ya roƙi a cire masa har sau uku ba a cire ba. A 1 Timoti 5:23 an shawarci Timoti ya riƙa shan ruwan inabi kaɗan saboda cikinsa da yawan laulayinsa. A 2 Timoti 4:20 an bar Tarofimas kwance ba lafiya a Militas. Kolosiyawa 4:14 ta ambaci Luka da sana'arsa ta likita cikin yabo. Sarki Hezekiya, wanda aka ce an amsa addu'arsa, sai da aka manna masa curin ɓaure a kan marurunsa, kamar yadda yake a 2 Sarakuna 20:7. Elisha kuwa, da aka ce kuturu ya warke a hannunsa, ciwo ne ya yi ajalinsa.

Sa'annan akwai wuraren da aka warkar da mutum ba a tambaye shi bangaskiya ba. Mutumin da ya shekara 38 yana jinya a bakin tafki, a Yahaya sura ta 5, bai ma san wanda ya warkar da shi ba sai daga baya. A wannan sura an gargaɗe shi ya daina zunubi kada abin da ya fi wannan ya same shi, alhali a sura ta 9 ta littafin nan an kore zaton cewa makantar wani mutum sakamakon zunubinsa ce ko na iyayensa.

Ba duka waɗannan ne matsala iri ɗaya ba, kuma haɗa su a kwando guda shi ne kuskuren da masu muhawarar dandali suka fi yi. Wata matsalar ta ingancin nassi ce. Ƙarshen Markus, daga 16:9 zuwa 16:20, inda aka yi alkawarin cewa masu ba da gaskiya za su ɗauki macizai, su sha dafi ba ya cutar da su, su ɗora hannu a kan marasa lafiya su warke, babu shi a kwafe-kwafen Girkanci biyu mafiya daraja na ƙarni na 4, wato Sinaiticus da Vaticanus, waɗanda suka tsaya a 16:8. Eusebius da Jerome sun shaida cewa ba sa samunsa a ingantattun kwafe-kwafen zamaninsu. Sai dai adalci ya sa a ambata cewa Irenaeus, wajen shekara ta 180, ya kafa hujja da aya ta 19, don haka ƙarin daɗaɗɗe ne. A kan wannan yanki ne wasu ƙananan coci-coci a duwatsun gabashin Amurka suka gina ibadar ɗaukar macizai, kuma jagoransu George Hensley sarar maciji ce ta kashe shi a 1955.

Wata matsalar kuma ta bambancin lafazi ce tsakanin marubuta biyu a kan waƙi'a ɗaya. Markus 6:5 ya ce Annabi Isa (AS) bai iya yin wata babbar mu'ujiza a garinsu ba, in ban da 'yan marasa lafiya kaɗan da ya ɗora wa hannu. Matiyu 13:58 ya kawo labarin nan, amma ya ce bai yi mu'ujizai da yawa ba saboda rashin bangaskiyar mutanen. Akwai tazara tsakanin wanda bai iya ba da wanda bai yi ba. Mafi yawan manazartan Yamma suna ganin Markus ne ya riga, Matiyu kuma ya sassauta lafazin don kada ya nuna gazawa. Origen, malamin Iskandariya na ƙarni na 3, ya yi ƙoƙarin sasanta su da misalin mayen ƙarfe da ƙarfe, cewa bangaskiya tana jawo ikon Allah kamar yadda wancan ke jawo wannan. Ga Musulmi wannan gaɓa ba ta da wuyar fahimta, domin Alƙur'ani a Ali Imrana aya ta 49 da Ma'ida aya ta 110 ya tabbatar da warkar da makaho da kuturu a hannun Annabi Isa (AS), ya kuma rataya ta ga iznin Allah. Wahalar tana kan wanda ya ɗauke shi a matsayin Ubangiji.

Matsala ta uku ita ce mai nauyi: alkawari a buɗe a gefe guda, manzanni marasa lafiya a ɗaya gefen. Ita ce ta shiga tarihi.

Da nassi ya gamu da sauro

Tsawon ƙarnoni coci ya zauna da wannan saɓani ba tare da ya dame shi ƙwarai ba. Katolika sun mayar da ayar Yakubu ibadar shafa wa mai gargara mai, Majalisar Trent ta tabbatar da haka a 1551. Furotestan da yawa sun tafi a kan cewa baiwar warkarwa ta ƙare da zamanin manzanni. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 wani sabon yunƙuri ya taso a Turai da Amurka. Fitaccen jagoransa a New York, A. B. Simpson, wanda ya kafa Christian and Missionary Alliance a 1887, ya haɗa Ishaya 53:4 da Matiyu 8:17 ya fitar da cewa Almasihu ya ɗauke cututtuka kamar yadda, a aƙidarsu, ya ɗauke zunubai. In haka ne, lafiya haƙƙin mai bi ce, magani kuma hanya ce ta ƙasa wadda mai cikakkiyar bangaskiya ba ya bukata.

A New York wannan ra'ayi ne da ake wa'azinsa a mumbari. A gaɓar Afirka ta Yamma kuwa maganar rai da mutuwa ce. Tun 1854 likitan nan William Baikie ya shiga Neja da Binuwai da jirgin ruwa, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, ya dawo bai rasa ko mutum ɗaya ba. Duk da haka, a 1890 wata tawagar 'yan mishan daga Kansas, waɗanda suka tasirantu da koyarwar Simpson, suka sauka Saliyo da nufin shiga ƙasar Sudan, suka ƙi shan magani, cikin 'yan watanni zazzaɓi ya kashe wasu daga cikinsu. Lamarin ya tayar da ƙura a jaridun mishan na Ingila da Amurka.

Rowland Bingham ya taso a kusa da wannan da'ira. A Disambar 1893 ya sauka Ikko tare da Walter Gowans da Thomas Kent, da burin isa ƙasar Hausa. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai tawaga ta uku ce ta samu zama a Patigi a 1902, a lokacin kuwa Ronald Ross ya riga ya gano, tun 1897, cewa sauro ne ke ɗauke da cutar. Ƙungiyar da Bingham ya kafa, wadda aka sani da SIM, ta rungumi magani, shi kuma a 1921 ya wallafa littafi mai suna The Bible and the Body, inda ya yi raddi ga masu cewa waraka tana cikin fansa. Makamansa su ne ayoyin rukuni na biyu: ƙayar Bulus, cikin Timoti da jinyar Tarofimas. Da wuya a ce nazarin Girkanci kaɗai ne ya kai shi can, bayan kaburbura biyu da ya bari a ƙasar Nufe da ta Zazzau.

A cikin tawagar Patigi akwai wani matashi ɗan Kanada, A. W. Banfield, ɗan cocin Mennonite Brethren in Christ. Shi ne a 1905 ya buɗe wa cocinsu tasha ta kansu a Shonga, kuma shi ne ya fassara Baibul zuwa Nufanci. Daga Shonga aikin ya bi ta Jebba da Mokwa, ya haura Salka, ya iso Zuru. Ke nan silsilar mishan ɗin Zuru tana komawa ga mutanen da suka ga abin da zazzaɓi ke yi da idonsu.

A kudu labarin ya bi akasin wannan hanya. Annobar mura ta 1918, wadda Hausawa suka kira marisuwa, ta zo a lokacin da maganin Bature bai da abin da zai yi mata. A Ijebu-Ode wata ƙungiyar addu'a ta taso a cikin cocin Angilika, tana dogara da addu'a da ruwa, ta kuma ƙulla alaƙa da cocin Faith Tabernacle na Filadelfiya, wanda ke haramta magani kowane iri. Akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa suka kai ta Minna da Kaduna da Zariya da Kano. A 1930 Joseph Ayo Babalola ya yi babban gangamin warkarwa a Ilesha, dubban mutane suka yi tururuwa. Saboda matsin gwamnatin mulkin mallaka, suka gayyato cocin Apostolic na Biritaniya a 1931 don su sami inuwa. Zaman bai yi shekara goma ba. Shugabannin Yarbawa, irin su Isaac Akinyele, wanda daga baya ya zama Olubadan na Ibadan, da David Odubanjo, suka gane cewa Turawan suna shan kwinin. Turawan suka kare kansu da cewa rigakafi ne, kamar abinci. 'Yan ƙasa suka ce ai su sun zubar da layu da sassaƙe bisa wannan koyarwa, ba za a yi musu hukunci biyu ba. Wajen 1940 aka rabu, aka sami Christ Apostolic Church. A wannan rigima, in aka bi zahirin ayoyin rukuni na farko, hujjar 'yan ƙasa ta fi ta Turawan ƙarfi.

Zuru

Ƙasar da Ummel ya tarar ta Lelna ce, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da maƙwabtansu Fakkawa da Dukkawa da Bangawa da Kambari, a yankunan Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Mutane ne da suka sha hare-haren Kontagora tun zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, har Turawa suka ci Kontagora a 1901. Suna da addininsu na gargajiya, da bikin Uhola, da al'adar golmo ta noman neman aure, da masu magani da suke gadon sana'ar. Musulunci ya riga ya shigo ta hannun fatake da malaman Hausa. Dalilin da ya sa aka bar mishan ya zauna a nan shi ne manufar Turawan mulki ta hana wa'azin Kirista a cikin masarautun Musulmi da barinsa a ƙasashen da suka ɗauka na masu addinin gargajiya ne.

A irin wannan wuri ba wanda yake musun cewa ciwo yana da sababi na ɓoye, kuma waraka tana zuwa daga sama. Abin da mutane ke son sani shi ne wa ke da maganin da ke aiki. Ɗan mishan da zai tsaya da ayar Yakubu kaɗai ya shiga gasa da boka a fagen da boka ya fi shi sani. Wanda kuwa ya wanke gyambo ya warke, ko ya sauko da zazzaɓin yaro, ya kawo abin da ba a saba gani ba. Don haka addu'a da shafa mai suka zauna a cikin ibadar coci, ba da magani kuma ya zama ƙofar shiga gari. Tafsirin da ya yi rinjaye a aikace shi ne na Hezekiya da curin ɓaurensa: a roƙa, a kuma shafa. Haka abin ya kasance a Arewa baki ɗaya. A shekarun 1930, da gwamnati da sarakuna suka yarda mishan su riƙe sansanonin kutare, sai SIM ta sami shiga Amanawa kusa da Sakkwato, da Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, wuraren da wa'azi kaɗai bai taɓa buɗe mata ba. Kuturtar da Linjila ta ce an kawar da kalma ɗaya, a nan sai da aka jira ƙwayar dapsone a ƙarshen shekarun 1940.

Cikakken Baibul na Hausa ya fito a 1932, shekara bakwai bayan buɗe tashar Zuru, kuma Hausa ce ta zama harshen coci da makarantar Baibul a yankin. Ma'anar haka ita ce manomin Dabai ko tsohon sojan da ya dawo daga Bama, kasancewar Dakarkari sun yi suna a aikin soja, zai iya karanta Markus 11 da 2 Korintiyawa 12 da kansa. Cocin da ya gaji mishan ɗin, UMCA, mai hedikwata a Ilori, ya ci gaba da bin matsakaiciyar hanya. Amma daga shekarun 1970, guguwar Fentikostal da irin su Benson Idahosa na Benin suka jagoranta ta dawo da karatun Simpson da sabon ƙarfi, da gangamin warkarwa da lasifika da shaidar waɗanda suka ce sun warke. Kano ta san zafin wannan salo a Oktoban 1991, lokacin da shirin gangamin Reinhard Bonnke ya jawo tarzoma da asarar rayuka. Hatsarin da malaman tsofaffin coci-coci da kansu suke nunawa a wannan koyarwa shi ne, in waraka ta rataya ga bangaskiya kaɗai, to wanda bai warke ba ya zama mai laifi, ga ciwo ga zargi. Wani kuma yakan ajiye maganin hawan jini ko na tarin fuka don ya tabbatar da cewa bai yi shakka ba.

Da wane ma'auni za a auna?

Malaman Musulunci sun daɗe suna nazarin saɓanin Baibul, tun daga Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, a littafinsa Al-Fisal, zuwa Rahmatullah al-Kairanawi da Izharul Haƙƙi a 1864. A mas'alar ƙarshen Markus da ta bambancin Markus da Matiyu, manazartan Kirista da kansu sun sallama da yawa daga abin da waɗannan malamai za su faɗa. Amma a matsala ta uku ɗalibin ilimi yana bukatar taka-tsantsan, domin irin wannan zahirin saɓani yana nan a cikin hadisai. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas hadisin mutum 70,000 da za su shiga Aljanna ba hisabi, waɗanda aka siffanta da cewa ba sa neman a yi musu ruƙiyya, ba sa yin lalas, ga Ubangijinsu suke dogara. Sun kuma ruwaito labarin matar nan mai farfaɗiya da Annabi (SAW) ya ba zaɓi tsakanin haƙuri da addu'ar waraka, ta zaɓi haƙuri. A ɗaya ɓangaren ga hadisin Usama bin Sharik a Abu Dawuda da Tirmizi mai umarni da neman magani, ga kuma komawar Sayyidina Umar daga Sarg lokacin annobar Amwas, inda ya nuna wa Abu Ubaida cewa komawar ma tana cikin ƙaddara.

Malamai ba su kira wannan tufka da warwara ba. Sun kafa masa fanni guda, Mukhtaliful Hadis, wanda Ibn Ƙutaiba ya yi wa littafi a ƙarni na 3 na Hijira, da ƙa'idar cewa ana fara neman haɗa nassosi kafin a rinjayar da ɗaya. Imam Gazali a Ihya ya kasa sabubba uku: tabbatacce, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda barinsa haramun ne in ana tsoron halaka, wanda ake kyautata zato, kamar ƙaho da shan magani, wanda yin sa ba ya warware tawakkali, da wanda ake raya shi kawai, kamar lalas, wanda barinsa ya fi dacewa da mai tawakkali. A ƙasar nan ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bar littattafai da dama a kan magani. A 1992 Majalisar Fiƙihu ta Duniya a Jidda ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga mutuwa, ko lalacewar gaɓa, ko kuma cutar mai yaɗuwa ce. Da a ce tawagar Kansas ta 1890 tana da rabe-raben Gazali, da ta sa kwinin a kashi na biyu in ma bai kai na farko ba.

Kirista mai ilimi a Zuru, inda gida ɗaya kan haɗa Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya, yakan yi irin wannan haɗawa ne: ya ce alkawarin Markus 11 yana ƙarƙashin nufin Allah, ya kafa hujja da addu'ar Gatsemani a Markus 14:36, ya ce laifin Asa barin Ubangiji ne, zuwa wurin likita ba laifi ba ne. Ana iya jayayya da shi a kan ko lafazin yana ɗaukar wannan taƙaitawa, tunda ayar Yakubu ba ta zo da togaciya ba. Ana kuma iya tambayarsa wane ma'auni yake da shi na ingancin ruwaya, tunda Linjilolin ba su zo da isnadi ba. Waɗannan tambayoyi ne na ilimi. Hana shi hanyar haɗa nassosi baki ɗaya kuwa, alhali da ita ake warware hadisin mutum 70,000, auna wa wani ne da mudun da mai awon ba zai yarda a auna masa da shi ba.

Akwai wani nassi da ya fi duk waɗanda aka ambata fitowa fili a kan wannan batu. Littafin Sirak, wanda wani malamin Yahudawa ya rubuta a Ƙudus wajen shekara 180 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya keɓe farkon sura ta 38 ga likita. Ya ce a girmama shi domin Allah ne ya halicce shi ya kuma fitar da magunguna daga ƙasa, ya umarci majinyaci ya yi addu'a, ya tuba, sa'annan ya bar likita ya yi aikinsa, domin shi ma likitan roƙon Allah yake yi ya ba shi sa'a. Katolika suna lissafa Sirak cikin littattafai masu tsarki. Furotestan sun cire shi daga wannan matsayi tun zamanin Luther, saboda ba ya cikin kundin Ibrananci na Yahudawa. Don haka a garin Zuru yau, ɗan Katolika yana da wannan sura a cikin Baibul ɗin cocinsa, maƙwabcinsa ɗan UMCA kuwa, wanda mishan ɗinsu ne ya gina asibitin Tungan Magajiya, ba ya da ita a cikin nasa.